Ihun Da Na Jingina Wa Kulu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar biyun nan ba: ta farko da na yi abin, da ta biyu da aka haska mani shi a jikin bango.

Bari in fara gaya maku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Sama da shekara arba'in ina karɓar haihuwa a Unguwar Rogo, kuma idan mace ta rasu ni ake aika wa in zo wanka. Na taɓa kashe kububuwa da muciya ina tsaka da tuƙin tuwo, na wanke muciyar na ci gaba da tuƙi. Boko ban yi ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma Allah ya ba ni baki. Gidan biki ko gidan suna, inda na shimfiɗa tabarmata nan mata ke taruwa. Abu zai faru a gaban mutum goma, amma yadda na faɗe shi, haka unguwa za ta riƙe shi. To, mai irin wannan matsayi ba ta jin tsoro, ko ta ji ba ta ji ba.

Jikata Safiya, 'yar babban ɗana, tana karatun halayyar ɗan Adam a jami'a, ta kama ɗaki a Kwalkwalawa, kusa da jami'ar, ita da ƙawayenta. Wata Laraba ta zo mani da ledar lemo, na san akwai magana.

"Kaka, aikin makaranta nika yi, tsofaffi shida nika so."

"Ki yi mi da su? Miya?"

Ta ce fim za ta nuna mana. Ta riga ta nuna wa 'yan makarantarsu, ta nuna wa wasu 'yan kasuwa a Sabon Gari, saura tsofaffin mata. Wai tana son ta ga abin da ke ba kowa tsoro, da yadda kowa ke fassara abin da ya gani. Na ce mata idan tsoro take nema ta yi ɓatan kai, amma zan samo mata matsorata biyar, ni in zauna in cike shida.

Ta fito da wata takarda ta yi ta karanta mani. Ni kuwa hankalina yana can ina lissafin wa zan gayyata, na dangwala yatsa na ce ta tafi. (Har yau tana rantsuwa sau uku ta ambaci kyamara a cikin karatun nan. Ban musa ba. Ni dai a sanina, ɗaukar hoto shi ne a ɗaga waya a saitin fuskarka a ce ka yi murmushi.)

Wadda na fara gayyata ita ce Kulu mai daddawa, ƙawata tun muna amare, katanga ɗaya ta raba mu. Kulu ba ta da hayaniya, kuma kowa ya san ko ƙadangare ya faɗo kusa da ita sai ta yi salati. Sai Hajiya Luba, wadda ba ta barin magana ta wuce ba ta sa mata gishiri ba, da wasu uku daga layinmu.

Ranar Asabar bayan azahar muka hallara a falon ɗana. Safiya ta toshe tagogi da barguna, ɗaki ya yi duhu ɗulum, ga zafin Sakkwato, fanka ɗaya tana ta wahala. Ta kafa majigi yana haska bango. Can a kusurwa kuma ta tsayar da wani abu mai ƙafa uku yana fuskantar mu, na ɗauka ƙanen majigin ne. Ni da Kulu muka zauna a doguwar kujera, farantin aya da dabino a kan cinyata.

Fim ɗin na Turawa ne, amma an ɗora masa muryar Hausa irin yadda ake yi wa na Indiya. Labarin wata mata ce da ke zaune da mijinta da ɗiyarta a wani gida bakin daji. Ta ce wasu halittu daga wata duniya suna saukowa su ɗauke ta, su yi ta bincike a jikinta, su dawo da ita. Takan duba agogo ta ga awa uku sun ɓace ba ta san inda ta yi su ba. Mijin bai yarda ba, likitan ƙwaƙwalwa bai yarda ba, har ita kanta ta fara shakkar kanta. Mai kallo ma ba a gaya masa gaskiya, an bar shi yana lilo: ɗauke ta ake yi, ko kanta ne ya taɓu?

Tun ba a yi nisa ba kowa ta yanke hukunci. Hajiya Luba ta ce, "Wagga ai mutanen ɓoye na, ba wata duniya ba. A kai ta ruƙiyya a huta." Wata ta ce mijin ne ke zuba mata abu a shayi, dubi idonsa. Wata kuma abin da ya dame ta shi ne matar ta fita ta bar tukunya a kan wuta. Kulu kuwa a hankali ta ce, "Tun da anka fara ban ga kowa ya zo gaishe ta ba. Ko lafiyayye aka bari haka, ai sai ya ga wani abu."

Ni kuwa ina ta cin aya ina yi masu dariya. Na ce ina dodon? An kusa awa ɗaya ko ƙaho ban gani ba.

Ashe nan ne sharrin fim ɗin. Da dodo suka nuna, da na ƙare masa kallo na faɗi abin da ya yi kama da shi. Amma ba su nuna komai. Sai shiru, sai ƙofa a buɗe kaɗan, sai wani ƙara siriri kamar sauro ya shige kunne. Tun ina tauna aya har na lura bakina ya tsaya. Aka zo inda matar ke tafiya a hankali zuwa ɗakin ɗiyarta. Kiɗa ya ɗauke. Ta kai hannu za ta tura ƙofa, sai wasu yatsu dogaye, farare sol, suka zagayo ta cikin ɗakin suka riƙe bakin ƙofar.

Wata murya ta tsaga falon: "Wayyo Inna!"

Faranti ya tashi sama, aya ta watsu kamar ƙanƙara.

Jama'a, ni ce. Ni da jikoki goma sha, ina kiran uwata da ta shekara talatin a ƙasa. Kuma ban tsaya nan ba. Kafin faranti ya gama kaɗawa a kan siminti, hankalina ya dawo, na ga duhu ne, na ga ba wadda ta san bakin da ya buɗe. Sai na gyara murya na ce, "Haba Kulu, ki natsu mana. Hoto na fa."

Aka fashe da dariya. Kulu ba ta ce uffan ba.

Da aka yaye barguna, Safiya ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi. Da ta zo kaina na ce gaskiya gyangyaɗi ya so ya ɗauke ni, ihun Kulu ne ya tashe ni. Ta rubuta. Ta ce Asabar mai zuwa za mu sake zama, akwai sauran tambayoyi.

Da na yi shiru daga nan, da abin ya mutu a falo. Amma mai baki ba ta ganin labari mai daɗi a ƙasa ta wuce. Ranar Lahadi na ba da shi a gidan suna. Litinin na ba da shi a wurin markaɗe. Kafin Laraba labarin ya yi ƙiba: Kulu ta yi ihu, ta yi tsalle, ta nemi shigewa ƙarƙashin kujera ɗankwalinta ya maƙale. Har muryar nake kwaikwayo, kuma kowa ya ce na iya ta sosai. (Yaya ba zan iya ba?) Ana haka sunan ya bi ta. Mata su leƙa sayen daddawa su ce, "Wayyo Inna, ba mu ta ɗari biyu." Surukarta ta daina fitowa tsakar gida idan an yi baƙi, don kunya.

Kulu kuwa kullum da safe sai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Yaya, an tashi lafiya?" In amsa, in kau da kai. Na gaya wa kaina ai dama an san ta da tsoro, ihu ɗaya ba zai ƙara mata nauyi ba. Ni kuwa idan aka ji, wace mace za ta sake sakin jiki in ce mata kada ta ji tsoro a bakin naƙuda?

Ranar Alhamis Safiya ta zo, ba lemo. Ta zauna tana murza gefen hijabinta.

"Kaka, akwai abin da nika so ki gani, ke kaɗai, kafin Asabar."

"Na aikin naki?"

"E. In kin gani, kina iya cewa a cire, sai in cire."

"Ke, ni ba a yi mani ɓoye-ɓoye. Abin da za ki nuna, nuna shi gaban kowa."

"Kaka, don Allah."

"Na gama magana."

Yarinyar nan ta miƙo mani igiya har bakin rijiya, na ture. Ba ma haka ba, na ce wa mata duk mai so ta zo ranar Asabar a ƙarasa dariya. Mu shida aka gayyata, mun fi ashirin a falon, wasu a tsaye.

Safiya ta kunna majigi. Ina jiran in ga Baturiya, sai na ga tsofaffi shida a jere, kore shar, idanu na ƙyalli kamar na kyanwa a rumbu. Hajiya Luba ta ce, "A'uzubillahi, su na halittun?" Sai wata ta ce, "Ke, ga ɗankwalinki nan." Ashe abin nan mai ƙafa uku yana gani a duhu, kuma tun da muka zauna yake aikinsa.

A lokacin ne na fara neman hanyar fita. Na duba ƙofa, mata sun cike ta.

Aka ga Luba tana tofa addu'a a tafin hannu tana shafawa. Aka yi dariya. Aka ga mai maganar tukunya ta rufe ido ɗaya. Aka yi dariya. Sannan aka zo wurin. Ga ni nan a tsakiya, baki a sake, aya a hannu ta kasa isa baki. Ga ƙafafuna suna hawa kujera da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Ga ni ina matsawa jikin Kulu har na kusa hawa cinyarta, na damƙe damtsenta da hannu biyu. Ita kuwa tana zaune daram, har tana ɗan bubbuga gwiwata kamar mai lallashin goyo. Sai bakina ya wage, har ana ganin gurbin haƙorin da na cire bara, ihun ya fito da sunan uwata.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya biyo baya shi ne mai wuyar haɗiyewa. Aka ga na saki hannunta, na sauke ƙafafu, na waiga dama, na waiga hagu, na gyara ɗaurin ɗankwali, sannan na juya gare ta da fuskar manya: "Haba Kulu, ki natsu mana."

Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi da ya fi mani.

Hajiya Luba ce ta fara magana. "Safiya, ɗiyata, mai da shi baya kaɗan. Idona ba shi gani sosai."

Safiya ba ta mayar ba, Allah ya yi mata albarka. Ta dubi takardarta, don tambayar tana rubuce kuma dole ta yi ta: "Kaka, a daidai nan, mi kinka ji a ranki?"

Na juya wajen Kulu na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Yaya, hannuna fa kinka riƙe. Kwana uku ina shafa mai man zafi."

"To mi ya hana ki faɗi?"

"Na ga ke abin ya dama. Ni an saba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma na ƙarƙashin kujerar nan, da kin rage. Ni da ko ruku'u sai na dafa."

Nan ne falon ya fashe, har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi abin da ya yi kama da dariya.

Da yamma na zagaya gidanta, ban leƙa ta katanga ba, ta ƙofa na shiga da sallama kamar baƙuwa. Na ce ta yafe mani. Ta ce ta yafe, amma surukarta fa, da masu sayen daddawa? Ashirin ne suka ga bango, unguwa kuwa ta ji bakina. Kulu ba ta taɓa neman komai a wurina ba sai ran nan: duk inda na kai labarin, in koma in kai na gaskiya.

Na zauna na ƙirga, wuri tara. Kwana huɗu na yi ina zagaye da sandata, gidan suna, wurin markaɗe, har gidan wata da ke bayan kasuwa wadda ban ma tuna na gaya mata ba sai da ta aiko a tuna mani. Ko'ina in yi sallama, a ba ni ruwa, in ce, "Labarin nan na ran nan, akwai gyara." Wasu har su ce in maimaita ihun, tunda yanzu an san mai shi. Safiya ta sake tambayata ko a cire wurin daga aikinta, na ce ta bar shi, abin da unguwa ta gani malamanta ba su fi unguwa ba.

Ba zan ce maku na daina ƙara wa labari gishiri ba, tsufa ya yi nisa da sauya hali. Abin da na koya dai shi ne, ƙarya da bakin mutane take tafiya, ba ta biyan kuɗin mota, amma gyaranta da ƙafarka za ka kai shi gida-gida. Don haka yanzu kafin in ƙara wa labari ko da kalma ɗaya, sai na fara shawara da gwiwoyina.