Tagar da Ba Ta Son Labule

Da na gina ɗakina a Gummi, na sa masa taga mai baƙin gilashi irin na Abuja. Inna ta ce in rataya asabari. Na ce, "Inna, wanga gilashi na zamani ne, na waje ba ya ganin na ciki."

Da rana gaskiyata ce. Ashe da na kunna fitila bayan magariba, 'yan majalisar ƙofar gida suna kallona tsaf, ba riga, ina suɗe kwanon miya.

Allah ya saka wa maƙwabcina Malam Bello, da ya ja ni waje ya nuna mini kafin in kawo amarya. A daren nan na rataya asabarin da Inna ta ce. Har yau in na gitta majalisa sai wani ya ce, "Alhaji, yaushe za a maido muna talabijin ɗinmu?"