Ilu Baushe a Cikin Anko

Wani mutum ne a unguwar Tudun Maƙera, ana ce masa Ilu Baushe. Faskaren itace ne sana'arsa, amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya fara kawo mazantaka duniya, ya ɗebi rabonsa, ya bar wa sauran maza ƙanzo. A wurin Ilu namiji ba ya riƙe lema, ba ya shan shayi da madara, ba ya cewa wash ko da gatari ya sare shi. Cewa yake ranar da aka yi masa kaciya, wanzamin ne ya yi kuka.

Babban abin taƙamarsa kuwa wando. "Ni da kuke gani," in ji shi, yana dukan cinya, "ko wanka zan yi da wandona nake shiga. Namiji ai wando ne. Ka cire wando, me ya rage?"

To, akwai maƙwabcinsa Zubairu Ɗan Kurmi, wanda ya daɗe yana sayar da tsire a ƙasashen kudu. Ya dawo gida da wata ɗabi'a: da yamma in ya yi wanka sai ya ɗaura zani mai gidan dara a ƙugu, ya sa singileti, ya zauna ƙofar gida yana jin rediyo. Wannan abu ya tsone wa Ilu ido. Ba ya wucewa sai ya tanka.

"Hajiya Zubaida, an fito shan iska?"

"An fito, Ilu. Ka zo ka gwada mana. A can inda na zauna har manyan gari haka suke ɗaurawa."

"Can ne wannan! Nan garin maza ne. Ranar da ka gan ni da zani, ka sa a aske mini gashin baki a tsakiyar kasuwa."

Zubairu sai ya yi murmushi kawai ya ƙara muryar rediyo.

Ana nan sai satar awaki ta addabi unguwa. Da rana tsaka, mutane na kasuwa ko suna barci, sai a nemi akuya a rasa. Mai unguwa Bawa ya tara jama'a ya ce za a kafa 'yan sintiri, kuma ana neman shugaba. Aka kawo sunaye biyu, Ilu da Zubairu. Wayyo, Ilu ya ƙwallafa rai! Usur ɗin nan da shugaba zai rataya a wuya har mafarkinsa yake yi. Tun ba a je ko'ina ba ya fara sa masu sayen itace suna ce masa Kwamanda.

Mai unguwa ya ce shi ba zai zaɓa da baki ba. Wata rana za a yi ihun ɓarawo na gwaji ba tare da sanarwa ba, wanda ya riga kamawa shi ne shugaba. Ilu ya miƙe ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, na yarda, amma da sharaɗi. Duk wanda ya fito wa ɓarawo da zani, ko ya kama shi da haƙori, kada a ba shi. Kar a mai da unguwarmu abin dariya."

Ya faɗa yana hararar Zubairu. Mai unguwa ya ce, "Jama'a kun ji?" Aka ce an ji.

Ashe Allah na nan da nasa shirin. Bazara ta kankama, zafi kamar a toya ƙwai a kan dakali, sai ga wani ƙaton maruru ya fito wa Ilu a matsematsi, daidai inda ɗinkin wando yake gogawa. Ya koma tafiya yana buɗa ƙafafu kamar agwagwa. Wanda ya tambaya sai ya ce sabon takun kwamandoji yake koyo. Da abin ya ci tura, ya aika matarsa Lantana ta kira Wanzam Jatau ta ƙofar baya.

Jatau na taɓa wurin da aska, Ilu ya kurma wani ihu da ya sa kajin gidan suka haura katanga.

Lantana ta leƙo. "Maigida, lafiya?"

"Kirari nake yi! Koma ciki!"

Jatau ya matse, ya wanke, ya barbaɗa magani. Sannan ya ce, "Sai fa ka hutar da wando. Wurin nan iska yake so. Ka samu zani ka ɗaura har ya kame."

"Zani? Ni? Jatau, tattara zabirarka tun muna mutunci."

Jatau ya ɗaga kafaɗa. Yana haɗa kayansa ya rage murya, don shi cikinsa ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ya ce jiya yana yi wa mai unguwa aski ya ji da kunnensa, ranar Lahadi bayan la'asar za a yi gwajin. Ilu ya ji kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Har rakiya ya yi masa, yana ɗingishi.

Bayan tafiyar wanzami ya mai da wando. Kai! Kamar an zuba masa barkono. Ya cije, ya zauna, ya tashi, ya kwanta rubda ciki, ya hau bori. Da ya ga zai mutu a banza, sai ya sa sakata a ƙofar zaure, ya ja turmi ya tokare, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Lantana, wai ina tsohon zanin nan naki da kike tankaɗe a kai?"

"Me za ka yi da shi?"

"Magani ne. Kuma wallahi in maganar nan ta fita, ke da gidanku."

Ta miƙa masa tana danne dariya da gefen ɗankwali. Ya ɗaura, ya fito tsakar gida, ya zauna ƙarƙashin darbejiya yana shan toka. Sai wata 'yar iska ta kaɗo, fiii, ta bi ta ƙasa ta ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Ilu ya lumshe ido. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗi irin wannan ba. A ransa ya ce, "Amma Zubairu mugu ne. Ashe abin da yake sha ke nan shi kaɗai!"

Maruru ya warke, ko tabo bai bari ba, amma zani ya zauna daram. Da Ilu ya dawo daga faskare sai sakata, sai turmi, sai zani. Da fari taku biyu yake yi zanin ya warware. Lantana ta koya masa yadda ake jan gefe a naɗe a soke, har ya zo ya fi ta iyawa. In kuma ya fita majalisa da wandonsa, ya fi kowa zagin masu zani.

Shirin Lahadi kuwa ya gama shi tsaf. Ya sayo wandon sojan gwanjo mai aljihu ko'ina, da wani takalmi mai nauyin dutsen niƙa, ya rataye su a ƙusa. Dabararsa ita ce tun azahar ya shirya ya laɓe a zaure, ana cewa "ɓa" ya yi waje. Abin da bai sani ba, mai unguwa ya san bakin Jatau sarai. Da gangan ya ce Lahadi a gabansa, alhali Asabar ya tsara.

Ranar Asabar ɗin kuma ana wunin biki a bayan layinsu. Matan unguwa sun fitar da anko, wato atamfa iri ɗaya da kowace za ta sa: ruwan goro mai manyan kifaye shuɗɗa. Lantana ta wanke tsohon zanin ta shanya, ta goge ankonta ta shimfiɗa a gado, ta shiga wanka. Ilu ya dawo gumi na tsiyaya. Ya taɓa zaninsa a igiya, jiƙe sharkaf. Ya leƙa ɗaki, ga sabo dal yana ƙamshin guga.

"Kafin ta fito na cire," in ji shi.

Ya ɗaura, ya soke, ya miƙe a tabarma ƙarƙashin darbejiya. Sabuwar atamfa ga sanyi ga santsi. Nan da nan barci ya yi awon gaba da shi, har da munshari.

"Ɓarawo! Ɓarawo! Jama'a a tare! Ya ɗauki akuya!"

Firgigit Ilu ya tashi. Abu ɗaya ne ya faɗo masa a rai: Zubairu zai riga shi! Ya suri gora, ya yi fatali da turmi, ya zare sakata, ya faɗa titi. Can ya hango mutum saɓe da akuya yana zuba gudu. Ilu ya rufa masa baya. Da zanin ya fara harɗe masa ƙafa, hannunsa na hagu da kansa ya tattare shi zuwa gwiwa, yadda ya saba in zai tsallake ruwan wanke-wanke a gida. Kansa bai ma san hannun ya yi ba.

Kuma fa a faɗi gaskiya, ya yi gudu. Ya tsallake kwata, fit ya wuce. Ya haure tarin yashi. Mai rake ya gan shi ya saki wuƙa. Wani mai keke ya waiwayo yana kallo har ya shige cikin bola. Ilu ya ɗauka duk jarumtarsa ce ta ruɗa su, sai ya ƙara wuta yana kirari: "Sai ni Baushe! Sai ni na Lantana, ƙarfen da ya gagari maƙera!"

Mai akuya, wanda ba kowa ba ne illa ƙanen mai unguwa da aka sa ya yi ɓarawon ƙarya, ya kwana wani lungu. Lungun ya ɓulle filin da aka kafa rumfunan biki, inda mai unguwa da dattawa suke zaune a gefe suna jiran su ga wanda zai fara isowa. Ilu ya daka tsalle ya cafke shi, rijif, suka zube a tsakiyar mata. Akuya ta yi nata wuri tana mee.

Ilu ya miƙe, ya ɗora ƙafa ɗaya a bayan mutumin, ya daki ƙirji.

"Ina mazan unguwar? Ina mai zanin nan? A kira shi ya zo ya ga aikin masu wando!"

Mai kiɗan ƙwarya ta tsaya da hannu a sama. Sai ga Zubairu ya iso yana haki, sanye da wando da riga, ya ja birki ya saki baki.

Wata tsohuwa, Gwaggo Dubu, ta matso ta kama gefen zanin Ilu ta kara da nata. Kifi ya hau kan kifi. Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa: "Ayyururui! Dangin amarya ko na ango?"

A daidai nan iskar nan da ya sani ta kaɗo, fiii, ta bi ta ƙasa. Ilu ya sunkuya a hankali. Kifaye. Ya dubi dama, kifaye. Ya dubi hagu, mata sun fi a ƙirga, kowace kifaye. Filin ya ɓarke da dariya, wata ta faɗo daga kujera, wata tana riƙe ciki tana neman ruwa.

Ilu ya juya wurin mai unguwa. "Ranka ya daɗe, dabarar yaƙi ce! Ɓad-da-kama na yi don kar ɓarawo ya gane ni. Wallahi yau na fara taɓa zani!"

Zubairu ya zagaya shi, ya duƙa ya ƙare wa ƙugunsa kallo. "Ranka ya daɗe, ni na shekara da shekaru ina ɗaura zani. Ɗan koyo taku biyu yake yi ya zube. Wannan ya tsallake kwata, ya yi kokawa, ko motsi sokin bai yi ba. Ilu, don Allah in an watse ka koya mini."

Mai unguwa ya share hawayen dariya da bakin rawani. "To Ilu, ai abin mai sauƙi ne. Tunda ɓad-da-kama ce, cire mu ga wandon da ke ciki."

Ilu ya damƙe ƙugu da hannu biyu. Ya yi wuƙi-wuƙi. Ko singileti babu a jikinsa, balle wani abu a ƙasa.

"Gudu kam ka yi," in ji mai unguwa, "kamu kuma ka yi. Amma sharaɗin nan ba ni na kafa shi ba. Jama'a, wa ya ce ko da haƙori?"

Fili ya amsa baki ɗaya, "Ilu!"

Mai unguwa ya ciro usur daga aljihu ya rataya wa Zubairu a wuya. Daga bayan taro aka jiyo muryar Wanzam Jatau yana tambaya ko yau za a yi askin gashin bakin ko sai ranar kasuwa.

Ilu na neman lungun da zai sulale, sai mata suka dare. Ga Lantana ta taho cikin hijabi, fuska a murtuke, riƙe da wani abu a ninke. Ta tsaya gabansa ta dube shi sama da ƙasa.

"Maigida, naka na kullum yana kan igiya bai bushe ba, shi ne ka kasa haƙuri?" Ta danƙa masa abin a hannu. "Tunda ka riga ni zuwa, ga ɗankwalin, ka cika shigar. Ni na koma gida. In an raba alkaki ka karɓo mini nawa."