Gaisuwar Surukai da Kumburarriyar Gwiwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Rurum ba, ana gab da samun mulkin kai. Ina saurayi a Kibiya, an ba ni Hansatu, saura in je in durƙusa gaban mahaifinta, Malam Sule.

Kafin nan ƙayar aduwa ta soke ni a gwiwa wajen noma. Na cire ta, na shafa toka, na manta. Sai gwiwar ta kumbura ta yi jawur, ga zafi kamar an sa garwashi, ga zazzaɓi. Inna ta ce in je ɗakin shan magani a Rano. Na ce targaɗe ne. (Gaskiyar magana, allura nake tsoro, kuma ba na so a ce angon Hansatu gurgu ne.) Na zura babbar riga ta rufe komai, na tafi ina cije baki.

A zaure na tarar da Malam Sule da dattawa. Na durƙusa, muka gaisa, ya sa albarka ya ce, "To madalla, tashi ka zauna kan tabarma."

Na yunƙura. Gwiwa ta ce ba ta san zancen ba.

Sai na sake sabuwar gaisuwa. "Ina gajiya, Baba? Yaya iyali? Yaya damina?" Ya amsa. Na tambayi shanu, na tambayi tumaki, har kajin gidan sai da na gaishe su. Wani dattijo ya ce, "Kai, yaron nan akwai ladabi!" (Ni kuwa gumi har cikin kunne.)

Da gaisuwa ta ƙare mini, na tattara ƙarfina na miƙe. Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Wayyo Inna!" Na kife kan ƙwaryar furar da aka kawo wa baƙi. Daga bayan zana na ji dariyar 'yan mata, har da muryar da na sani.

Malam Sule ya ɗage rigata, ya ga gwiwa, ya yi salati. Shi da kansa ya ɗora ni a jakinsa zuwa Rano, ina ɗigar fura. Malamin asibiti ya taɓa wurin, ya zuƙo mugunya da sirinji, ya ce ƙwayar cuta ce ta bi ramin ƙayar ta shiga gaɓa, da na ƙara jinkiri da ƙafar ta sandare har abada. Ya ce a kai ni Kano a wanke ta, amma sai ya fara yi mini allurar fanisilin. A ɗuwawu. Surukina na riƙe da ni yana cewa, "Yi haƙuri, ɗana, kar ka sake kiran Inna."

Ƙafa ta warke, aure ya ɗauru. Abin da na koya shi ne, ciwon da ka ƙi nuna wa malamin asibiti a ɗaki, shi zai zaɓi inda zai nuna kansa, kuma ba ya zaɓen wurin da babu mutane.