Keke Sama, Leland Ƙasa

"Wannan ɗan tudun naku? Ina cin gyaɗa zan haye shi!"

Haka Leland Tuttle ya faɗa a shagon keken kawunsa Merle, yana nuna dutsen bayan garinmu, wanda dusar ƙanƙara ta rufe har wuya. Abokina, ka san irin mutumin nan da zai yi 'yan shekaru a waje ya dawo yana kallon kowa baƙauye? To Leland ne shugabansu. A Florida ya zauna, inda in ka hau gada ka gama ganin tudu, amma ya dawo mana Colorado da sunan da ya raɗa wa kansa: Damisar Duwatsu.

Aiki yake nema. Kawu Merle ne ke ƙetarar da baƙi masu doguwar tafiya a keke ta kan dutsen, ga shi gwiwa ta fara ba shi matsala, yana neman jagora. Leland kuwa ya gaji da kwana a kujerar falon yayarsa Noreen.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji Kawu. "Ka kai allon da ke ƙololuwa, ka ɗaga kekenka sama da kanka yadda kowa ke yi, in ɗauke ka hoto. Shi ke nan aiki ya zama naka. Amma cire fedar nan mai maƙale takalmi. Ƙanƙara ba ta shiri da ita."

"Haba Kawu! Fedar zamani ce. Ku kun tsaya a zamanin jaki."

"Safar hannunka fa, gwani?" in ji Noreen, wadda ita ke tuƙa motar share ƙanƙara a hanyar.

"Nauyi gare ta, Yaya. Gwanaye ba sa ɗaukar nauyi."

Kuma da gaske yake. Ya yanke mariƙin buroshin haƙorinsa, ya ajiye rigar sanyi, har gemu da gashin bakinsa ya aske, wai iska na riƙe shi. Ya fito da sassafe cikin wani matsattsen wando mai ruwan lemo, ƙafafu sirara kamar na balbela.

Da farko abin ya yi daɗi, har waƙa yake yi. Can da hanya ta miƙe tsaye, waƙa ta koma tari. Ya jawo gorar ruwa ya ɗaga, ko ɗigo babu. Mutanen garin nan cikin riga suke cusa gorarsu, shi ya rataye tasa a waje don ta yi kyau a hoto, ta daskare ta zama dutse. Ya ciro cakulan ya gartsa, haƙori ya ce ƙas. Yatsunsa suka sandare, majina ta daskare masa a leɓe, ta mayar masa da gashin bakin da ya aske.

Motar Noreen ta iske shi, Kawu da baƙi uku na ciki.

"Damisa! In rage maka hanya?"

"Hu-hu-hutawa nake yi a kan keke, Yaya. Sa-salo ne!"

Da suka ɓace a kwana, ya sauka ya yi ta turin keke cikin caɓalin ƙanƙara, yana waige kamar ɓarawon kaza. Sai da ya hango allo sannan ya haye, ya danna takalmansa cikin feda da ƙarfin tsiya. Caɓalin da ya cika ƙarfen da ke ƙasan takalmin ya samu iskar ƙololuwa, ya daskare, ya kama feda kamar an yi masa walda. Leland bai sani ba. Yana can yana gyara murmushi.

Ya iso gaban allo, baƙi na tafi, Kawu ya saita kyamara. Ya ja birki, ya murɗa ƙafar dama don ya cire ta daga feda. Shiru. Ya murɗa ta hagu. Ko motsi.

"Sauko mana, ɗana," in ji Kawu.

"Ina zuwa!"

Keke ya tsaya cak. Leland ya yi ta rawa da kan keken, ido waje. Sannan a hankali, cikin natsuwa, kamar bishiyar da aka sare, Damisar Duwatsu ya kife gefe, ya gangara cikin tarin ƙanƙara, ya tsaya a rigingine. Kansa ya nutse. Ba abin da ake gani sai wando mai ruwan lemo da ƙafafu biyu a sama, ga keke maƙale a kansu, taya na ta juyawa.

Ƙyas! Kawu ya ɗauki hoto.

"Kawu, ai ya cika sharaɗi," in ji Noreen tana riƙe da ciki don dariya. "Wallahi keken na sama da kansa!"

Sai da ta juye masa kofin shayinta mai zafi a takalma kafin feda ta sake shi. A bayan motarta ya sauko gari, naɗe cikin bargon karenta, karen na harararsa.

Washegari ya lallaɓa shago yana jan hanci. Ya tarar an wanke hoton ƙato, an rataye shi a bakin ƙofa.

"Kawu, maganar aikin nan fa?"

"Jagoranci dai Noreen za ta riƙa yi ranakun hutunta. Amma kai ma ka samu, ɗana. Kai ne malamin baƙi."

Leland ya gyara tsayuwa, ƙirji ya fara kumbura. "Yaushe zan fara?"

"Ai ka fara tun da safe," in ji Kawu, ya nuna hoton da sifana. "Mutum shida ka koya wa canza feda, ko bakinka ba ka buɗe ba."