Ranar da Na Ba Mai Fili Kwana Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na tsaya a tsakiyar filin wani dattijo, da lasifika a hannuna, na ba shi kwana bakwai ya kwashe kayansa.

Lokacin shekarata biyu da fara aiki a ofishin tsara birni a nan Bauchi. Na dawo da digiri na biyu, kaina cike da hotunan biranen da ban taɓa takawa ba, kuma duk wanda ya yi kuskuren tambayata aikina sai ya sha bayani har ya gode wa Allah. Sai aka ce za a gyara wani ƙaramin filin gwamnati a cikin unguwa, can wajen Ƙofar Dumi, a mayar da shi wurin shan iska, da kujerun siminti, da bishiyoyi, da lilon yara. Darakta ya miƙo mini fayil ɗin ya ce, "To Hajiya, ga dama ta samu. Nuna mana karatun." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a ofishinmu duk macen da ta zo da mota Hajiya ce.)

Ƙa'idar aikin ita ce mai zane ya je ya taka wurin da ƙafarsa. Na kuwa je. Wato na tuƙa mota har bakin lungun, na ga ba za ta shige ba, na ga kwata ta malalo kan hanya, na dubi takalmina, na dubi rana, na juya. Ai Malam Iliya safiyonmu ya riga ya auno wurin, ga taswira, ga hoton sama a kwamfuta: fili mai kusurwa huɗu da darbejiya ɗaya a gefe. A rahotona na rubuta "an ziyarci wurin". A ganina ban yi ƙarya ba, tunda ban faɗi wanda ya ziyarta ba.

Mako uku ina zane, kuma gaskiya ya yi kyau. Har fenti na yi wa ganyen bishiyoyin.

Aka sa ranar da za a je a nuna wa mutanen unguwa, Babban Sakatare da kansa zai halarta. Ana gobe aka yi wa Malam Iliya rasuwa a Ningi, ya tafi. Da safe Darakta ya tambaye ni, "Kin dai san hanya ko?"

Na ce, "Kamar yunwar cikina, ranka ya daɗe."

Muka ajiye motoci a bakin titi muka shiga da ƙafa, ni a gaba da zane a nannaɗe a hammata, manya a baya suna tattare babbar riga, mai ɗaukar hoto yana ta kai da kawo. Wanda bai san lungunan cikin gari ba ba zai gane ba: daga sama layi ne miƙaƙƙe, daga ƙasa kuwa kowane lungu haihuwar wani lungun yake yi. Muka wuce maƙera, muka wuce teloli, 'yan acaɓa na tura mu jikin bango. Muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ga mutane zaune a ƙofar shago, tambaya ɗaya ta ishe ni. Amma yaya wadda ta "ziyarci wurin" za ta tambayi hanya a gaban Babban Sakatare? Na yi bisimilla a zuci na karya hagu.

Allah da ikonsa, sai ga fili. Kusurwa huɗu, da darbejiya a gefe. Ban taɓa son wata bishiya kamar yadda na so wannan ba.

Darakta ya duba ya ce, "Ina mai unguwa? Ba an ce sun kafa rumfa ba?"

Na ce, "Ka san mutanenmu da lokaci, ranka ya daɗe."

Kafin a jima jama'a sun taru, don ba kullum ake ganin manyan riguna a lungun ba. Ni kuwa na ɗauka taron tarba ne. Na karɓi lasifika, na warware zane, na shiga zuba. Nan kujeru, can lilo, nan dattawa za su riƙa shan hantsi. Sai idona ya faɗa kan tulin bulo da yashi a gindin darbejiyar, na ga damar nuna cewa ni ba zane kaɗai na iya ba.

Na ce, "Ga irin abin da ke hana garinmu ci gaba. Wani ya ga filin gwamnati ya zo ya jibge kayansa kamar gadon gidansu. Ko waye mai bulon nan, an ba shi kwana bakwai ya kwashe."

Wani dattijo mai farin gemu, da fensir a maƙale a kunne, ya miƙe daga kan bulon ya ce, "Ranki ya daɗe, wane bulon?"

"Wanda kake zaune a kai, Baba."

"Kwana bakwai?"

"Bakwai cif."

Ya jinjina kai, ya saka takalminsa ya shige wani gida. Na juya ga jama'a na ce, "Kun gani, haka ake son ɗan ƙasa nagari, ba gardama." (Wannan maganar ce har yau in na tuna nake rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki.)

Ban kai ga bayanin fitilu ba sai ga shi ya dawo da baƙar leda. Bai ko dube ni ba, ya wuce gaban Babban Sakatare ya durƙusa. Ya kwance ledar ya zaro takardar filin.

"Ranka ya daɗe, sunana Sabo, kafinta ne ni. Filin nan nawa ne. Bulon nan da kaɗan-kaɗan nake tarawa, in yi wa iyalina ɗaki biyu mu fita daga haya. In gwamnati na so, ba ni da ƙarfin ja da ita. Amma don Allah a duba takardar tukuna."

Daga zauren da ya fito ina jiyo kukan mace ƙasa-ƙasa.

Babban Sakatare ya ɗaga shi tsaye, ya karanta takardar a natse, sannan ya miƙa wa Darakta ya ce, "Wannan hatimin ofishinku ne. Wannan kuma ba sa hannunka ba ne?"

Darakta ya saka tabarau, ya cire, ya sake sakawa. Sa hannun bai canza ba. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, kuma wurin ya yi tsit har kowa na jin muryar mai unguwa: "Ranka ya daɗe, lafiya dai? Tun ƙarfe tara muke zaune a rumfa, ƙanƙarar lemon ma ta narke."

Babu wanda ya yi mini faɗa a wurin, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Babban Sakatare ya ba Malam Sabo haƙuri, ya ce filinsa nasa ne, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya san inda filin gwamnatin yake. Malam Sabo ya ce, "Bayan masallaci ne, ku zo in kai ku." Haka mutumin da na kora ya shige gaba da ledarsa, mu muna biye, ni ce ta ƙarshe.

Filin gaskiyar gangare ne, kuma wata ƙatuwar kwata ta ratsa tsakiyarsa, daidai inda na zana lilon yara. Babban Sakatare ya dubi zanen, ya dubi kwatar, ya ce, "Hajiya, yaran da iyo za su riƙa zuwa lilon?"

Na sha takardar neman bayani, na kuma sake zanen daga farko, wannan karon da silifas da tef ɗin awo. Amma kafin nan sai da na je shagon Malam Sabo. Na same shi yana goge ƙafar kujera, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, 'yata. Uwar yaran ce dai sai da aka kai ta asibiti, jininta ya hau. Da kin yi mana sallama kin tambaya, ai ko wa kika tarar a lungun nan zai nuna miki."

An gyara filin daga baya, dattawa na zama, yara na lilo nesa da kwata. Malam Sabo ma ya yi ɗakunansa. Ni kuwa a ofis har yau Hajiya Kwana Bakwai ake kirana, har sababbin ma'aikata da ba su san dalili ba, wasunsu sun ɗauka saurin gama aiki ne ya jawo mini sunan, ni kuma ban gyara musu ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, kuma ba a digiri na biyu ake koyar da shi ba: kafin in tsara wa mutane inda za su zauna, nakan fara tambayar su ni a ina nake tsaye.