Minti-Biyu Sahab da Mataimakinsa

Wanda bai taɓa ganin Kulbhushan Dogra yana hawa matakalar gidan wayar Sundarkot da safe ba, bai san abin da ake kira cika da batsewa ba. Mutum ne da aka yi wa baiwa uku: tumbi, murya, da silin gashi guda bakwai. Kullum sai ya ɗauko silin nan daga bayan kunnen hagu, ya shafe su da man kwakwa, ya shimfiɗa su bisa sanƙo har su sauka a kunnen dama. In ya zauna a kujerarsa ta shugaban gidan waya, ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a teburin. Garin ya yi masa kaɗan, kuma bai taɓa ɓoye wa garin haka ba. Burinsa ɗaya ne a duniya: a ƙara masa girma, a mai da shi babban ofis na lardi, inda ake da fanka biyu da mai buɗe ƙofa.

Kwana tara kacal ya yi a Delhi wurin kwas, amma ya dawo kamar wanda ya shekara tara a ƙasar waje. A can aka nuna musu majigi, suka ga yadda a ƙasashen da suka ci gaba mai kai saƙo yake ajiye kwali a bakin ƙofa, ya ɗauki hotonsa da waya, ya juya abinsa. Kwalin ya wuni a nan, ba mai taɓawa. Dogra Sahab, wato Maigida Dogra, ya kalla har idonsa ya ciko da ƙwalla. Abin da majigin bai faɗa ba shi ne ko ƙasashen nan suna da birai.

Kafin wannan wayewa ta iso, Sundarkot tana cikin duhun kai. Tsoho Tikaram ne mai raba saƙo, shekara talatin da ɗaya yana hawa da gangara da jakar kaki. Yakan tsaya a ƙasa ya ƙwala wa mai gida kira, ya miƙa masa kayansa hannu da hannu. In ba kowa, sai ya bar wa Phulma mai shayi, ita kuma ta tura kwalin ƙarƙashin benci ta zauna a kai har mai shi ya dawo. Ko allura ba ta taɓa ɓata ba. To amma ka ji aibin: Tikaram yana shan shayi a gida goma, yana karanta wa tsofaffi wasiƙa, har yana tambayar lafiyar saniya.

Ranar Litinin Dogra Sahab ya tara ma'aikatansa kaf, su uku, ya hau kan akwatin tambura don na baya su ji.

"Ya ku jama'ata," in ji shi, "in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ni da idona na ga duniya. Tikaram, irinku ne kuke riƙe ƙafar ƙasar nan. Daga yau minti biyu na ba kowace ƙofa. Ajiye, ɗauki hoto, wuce. Wanda na ji ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ya kurɓi shayin wani, ya ajiye mini jakata ya tafi gida."

Tikaram ya sosa ƙeya. "Sahab, birai fa?"

"Birai ba sa cikin tsarin."

Kafin la'asar garin ya raɗa masa suna Minti-Biyu Sahab. Ya ji, ya kuma ji daɗi, don a zatonsa lambar yabo ce.

Birai dai ba a sa su a tsarin ba, amma su suka fi kowa saurin fahimtarsa. Tsuntsu daga sama gasasshe. Cikin mako guda sun gane jakar kaki, sun gane ƙarar ɗaukar hoto, sun san da zarar an ji ƙyas, to an gama da gwamnati, saura nasu aikin. Akwai wani ƙaton biri mai yagaggen kunne da ke bin Tikaram ta saman kwanon gidaje, gida gida, ba ya makara, ba ya fashi. Shi mutanen gari suka naɗa Mataimakin Shugaban Gidan Waya, kuma a gaskiya ya fi shugaban sanin unguwanni.

Alewar da aka aiko wa amaryar gidan Kanwar daga Amritsar, Mataimaki ne ya ɗanɗana ta tun daga sama har ƙasan kwali. Tulun tsamin mangwaro da wata uwa ta aiko wa ɗanta ya fashe a kan rufin haikali. Sabon tabarau na Master Dinanath, tsohon malamin makaranta, ya wuni a hancin wata birinya, sai da aka fanso shi da ayaba huɗu, ya dawo da ido ɗaya. Ba a dukan biri a garin nan, addininsu ya hana, don haka duk haushin ya gangaro gidan waya. Tikaram ya rame. Mutanen da ya sha shayinsu shekara talatin yanzu suna leƙensa ta taga, shi kuwa yana sunkuyar da kai don kunya.

Minti-Biyu Sahab bai girgiza ba, don manyan mutane ba sa girgiza. Sai ya sa aka sassaƙa masa sabon hatimi mai layi biyu: AN ISAR DA SAƘO. DUBA HOTO. Duk wanda ya kawo kuka a rubuce, sai ya danna masa hatimin, ya juya masa waya ya nuna masa kwalinsa zaune lafiya lau a bakin ƙofa.

"Master-ji," ya ce wa Dinanath, "ilimi ya kamata ya hana ka wannan magana. Ga tabaraunka nan a hoto. Abin da ya faru bayan hoto, tsakaninka ne da halittu."

Ana haka takarda ta zo cewa sufeton lardi, Madam Kamlesh Rana, za ta zo ta ga sabon tsarin da idonta. In ya burge ta, kujerar nan mai fanka biyu ta samu. Za a kuma ɗauki hoton shugaba a sa a mujallar ma'aikata. Nan fa Sahab ya tsaya gaban madubi ya ƙirga silin nan bakwai, ya ga ba za su iya ɗaukar nauyin mujalla ba. A asirce ya aika Delhi a kawo masa hular gashi baƙa wuluk mai tsaga a gefe, ya roƙi a rubuta "Littattafai" a jikin kwalin.

Ƙasa ta zaftare ta tare hanya kwana shida, kwalin bai iso ba sai safiyar ranar, a mota ɗaya da sufeton. Sahab ya tarye ta da hular ulu har kunne, wai mura. Suna cikin duba takardu Tikaram ya matso da kwalin a hammata, ya rage murya, don tsohon ba mugu ba ne.

"Sahab, naka ne. Ga ka ga shi. In tura maka ƙarƙashin tebur?"

Da ya ce to, da labarin ya ƙare a nan. Amma Madam Rana ta ɗago kai, Sahab kuwa bai taɓa ganin ido a kansa ya bar shi ya wuce a banza ba.

"Ƙarƙashin tebur? Madam-ji, kin ga irin mutanen da nake fama da su. Doka ba ta san shugaba ba. Ga gidana can tsallaken hanya. Kai shi bakin ƙofa kamar na kowa. Madam-ji, fito ki ga aiki."

Suka fito, Sahab riƙe da agogo. Tikaram ya tsallaka, ya ajiye, ya ɗauki hoto, ya juyo. Daƙiƙa arba'in. Niyyar Sahab ya bi sawu nan take ya ɗauke kayansa, amma daƙiƙa arba'in ba abin da za a bari ya wuce ba jawabi ba ne. Ya juya wa ƙofarsa baya, ya fuskanci sufeto da 'yan kallon da suka fara taruwa.

"A da, wannan saƙo sai ya ci shayi biyu da labarin saniya. Yau dubi. Amana ce ginshiƙin tsarina. Wata uku ke nan, ba saƙo ɗaya da bai isa ba, kuma ina da hoton kowanne."

Ya ga kowa yana murmushi, ya ƙara murya. Sai da ya lura ba shi ake kallo ba ya waiwaya. Mataimaki yana zaune a kan rufin gidan Sahab, daidai saman ƙofar, ya yage kwalin, ya ciro abin ciki. Ya shinshina, ya ɗan ciza, ya ga ba na ci ba ne. Sai ya yi abin da ya ga mutane suna yi da hula. Ta zauna masa daram, tsagar a gefe.

"Dogra-ji," in ji Madam Rana, "wane irin littafi ne wannan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugaban gidan waya ya fizgi nonon ayaba daga teburin Phulma, ya bi gindin bango yana ɗaga hannu yana cewa, "Maharaj, sarkin sarakuna, sauko, don girman iyayenka." Hular ulu ta faɗi, iska ta ɗaga silin nan bakwai suka miƙe tsaye. Mataimaki ya karɓi ayabar, ya riƙe gashin. A bayansu kuwa Master Dinanath ya gyara tabaraunsa mai ido ɗaya, ya ja wa sufeto benci, mutane suka yi layi kowa da takardarsa mai hatimi. Sai da ta sha shayi uku kafin layin ya ƙare.

Kujera mai fanka biyu wani aka ba. Tikaram ya koma ƙwala kira da shan shayinsa, Phulma ta koma zama kan kwalaye. Amma wanzami ba ya son jarfa: washegari Sahab ya zauna ya cika shafi uku da ƙorafin ɓatan kayansa, ya jefa a tiren koke-koke, ya fita cin abinci. Da ya dawo ya tarar an riga an amsa masa, cikin ƙasa da minti biyu. Tawadar hatimin ko bushewa ba ta yi ba, ga hoton kwalinsa an maƙala da allura, zaune lafiya lau a bakin ƙofa.