Yadda Za Ka Lalata Ƙwan Kajin Uwarka Ka Ɗora wa Maƙwabciya

Kai da ka dawo daga aikin gini a Rasha da jaka biyu da haƙorin zinare, matso kusa. In ka bi matakan nan ba tsallake, na yi maka alkawari kafin bikin Nauruz, wato bikinmu na shigowar sabuwar shekara, kajin gidanku za su koma yin ƙwai mai laushi tuɓus, wanda ko ɗauka aka yi sai ya lotsa, kuma har abada ba za ka yarda kai ne sanadi ba. An gwada an gani. Ƙanena Safarmad ne ya gwada. Shi ne autanmu, gidan gado da Inna suna hannunsa, ni yayarsa ina kallo tun daga farko.

1. Ji kunyar tsakar gidanku

Da ka ajiye jaka, tun kafin ka kurɓi shayin da uwarka ta zuba maka, tsaya ka toshe hanci. Ka ce a Mosko ba a haka. Kada ka ambaci cewa ku goma sha biyu kuke kwana ɗaki ɗaya a can. Kira masu siminti su shafe tsakar gida kakaf har gindin inabi, kada a bar tsakuwa ko ɗaya. Bangon nan da Inna ke shafa wa farar ƙasa duk bazara, kaji suna caccakar gindinsa, kankare shi ka zuba masa koren fenti mai ƙyalli. Masu hikima sun ce gidan da kaza ke jin daɗinsa bai waye ba. Ni ce masu hikimar, yanzu na faɗa.

2. Hana tsohuwa abin da ta sani

Inna takan tara ɓawon ƙwai, ta gasa a tanderu bayan ta kwashe gurasa, ta daka ta barbaɗa wa kaji a dusa. Ka ce wannan ƙazanta ce ta mutanen da. Ka kulle kajin a akurkin waya bayan ɗaki, inda rana ba ta leƙawa, ka riƙa zuba musu ragowar shinkafa da busasshiyar gurasa.

Za ta tambaye ka, kamar yadda ta tambayi Safarmad: "Ɗana, to da me kaza za ta gina ɓawon?"

Shekara shida ka yi kana ɗora bulo, ka san bango ba ya tsayuwa da ruwa zalla. Ba komai, yi dariya ka ce ta tsufa.

3. Yi mamaki

Nan fa ake son gwaninta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin ba a taɓa fasa masa ƙwai a karon ƙwan Nauruz ba, wasan da ake gwara dafaffen ƙwai da na wani, wanda nasa ya fashe ya rasa shi, da ƙwan jajayen kajin Inna yake kwashe na kowa a fili. Safarmad kuwa tuni ya cika wa mutanen shagon shayi baki cewa bana shi zai gaji uban. Saboda haka ranar da ka tarar da ƙwai a akurki kamar an ƙulla ruwa a leda, ɗauko shi a gaban jama'a ka ƙwanƙwasa a haƙori, yadda gwanaye ke gwada ƙarfin ɓawo. Na Safarmad a kan haƙorin zinaren ya fashe, ya bi gemu.

4. Nemo mai laifi

Fara da zakara, don ba ya iya musu. Yanka shi a yi shinkafa. In ƙwai bai gyaru ba, ka ce sanyi ne. In sanyi ya wuce, to kambun baka ne, ba makawa. Turara akurki da hayaƙin ispan, ganyen da ake ƙonawa don korar kambun baka, har kajin su fara tari, sannan ka tambayi kanka wa ke shigowa gidan nan.

Mu wadda ke shigowa ita ce Hola Sharofat, maƙwabciyarmu. Akwai 'yar ƙofa a bangon da ya raba gidajen biyu, shekara arba'in ita da Inna suna bi ta nan da butar shayi da gurasa mai zafi. Ita ta karɓi haihuwar Safarmad. Ita ta kwana huɗu tana riƙe da hannun Inna da Baba ya rasu. Laifinta ɗaya, ta taɓa cewa jar kazar nan ta yi kyau. Ya isa. Tsaya a bakin titi ka faɗa da ƙarfi cewa akwai masu idon da ke cin arzikin mutane, sannan ka ɗauko bulo ka toshe ƙofar. Aikinka ne ai, cikin awa biyu ka gama.

Inna na zaune tana kallo, hawaye kawai. Wallahi ranar na tsani ƙanena, kuma na gaya masa a fuskarsa. Ya ce mata ba su san kan duniya ba.

5. Yi kyautar wulaƙanci

Kama jar kazar, wadda uwarka ta fi so, ka cilla ta bayan bango. Ka ce tunda ido ya cinye ƙwan, a haɗa da kazar. Kada ka leƙa ka ga inda ta faɗa. Tsakar gidan maƙwabciya ce, ta ƙasa, ga tsakuwa, ga rana, ga bango fari fat da farar ƙasa.

6. Fita fili da ƙwan kasuwa

Sayo ƙwai a ɓoye, dafa, rina, sa sabuwar riga. Safarmad ya shiga fili yana taku, ya ce wa ya isa. Wanda ya fito shi ne Baba Kurbanali, mijin Hola Sharofat, tsoho tukuf. Ya miƙo ƙwansa, ya taɓa na Safarmad sau ɗaya, ƙas, ya karɓe fasasshen ya jefa aljihu.

Sai a lokacin ƙanena ya dubi ƙwan da ya kayar da shi. Rinin ɓawon albasa ne, da zanen zare sau uku a tsakiya. Duk ƙauyen mace ɗaya ce ke rina ƙwai haka. Mutane ma sun gane, shi ya sa dariyar ta daɗe.

7. Koma gida ka nemi bayani

Safarmad ya tarar da Inna ta yafa mayafi, butar shayi a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ya tambaye ta ina za ta, kuma yaya aka yi ta rina wa abokan gaba ƙwai.

Ta ce, "Ƙwan kazata ne, Safarmad. Sati uku ta yi a kan ƙasa ta warke. Ni ma can zan je in gwada."

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta fita ta babbar ƙofa da gwiwarta mai ciwo, ta zaga ta titi, ta wuce gaban shagon shayi kowa na gani, ta shiga gidan da a da taku uku ne. Kwana kawai ke dawo da ita.

Gargaɗi

Ni dai hanya na nuna, ban ce ka bi ba. In ka wayi gari kai kaɗai a kan siminti mai sheƙi, ba zakara, ba ƙwai, kana jiyo dariyar uwarka ta bayan bulon da ka jera da hannunka, ba ruwana, ba ruwan kaza, ba ruwan idon kowa. Akwai guduma a gidana bayan ƙofa. Wata biyu ke nan da na aika wa Safarmad cewa tana nan, har yau bai zo ara ba.